Muryar da Jikana Ya Sayo

Ku matso, ku ara mini kunnuwanku. Ga ta nan tafe gare ku, kuma ba daga nesa na ɗauko ta ba. A tsakar gidanmu ta faru, tsakanin rumbu da gindin randa, ina zaune ina kallo.

Gidanmu yana cikin ƙauyukan bayan Dawakin Tofa, inda gonar wani take ƙarewa a bakin gonar wani. Kakannin mai gidana maharba ne. Da daji ya ƙare sai suka rataye baka suka ɗauki fartanya, amma garaya ba su ajiye ta ba, ta biyo su gona. Muna da take namu na gida. Duk shekara, ranar gayyar noman firi, ba wanda zai sunkuya sai an kaɗa shi a bakin gandu, kuma in wani babba na gidan ya rasu da shi ake raka shi. Ba shi da waƙa, kiɗa ne zalla. Tafiyarsa irin ta mai ɗan ɗingishi ce: ya taka, ya taka, ya ja ƙafa, sannan ya zabura. Ba a ɗaukarsa a hanya. Ko ka iya shi, sai wanda yake riƙe da shi ya saurare ka ya ce ka karɓa, sannan ya zama naka. Mai gidana a hannun ƙanen ubansa ya karɓa.

Ɗanmu na fari, wanda bakina ba ya kiran sunansa, bai karɓa ba. Sanda ya tasa mun riga mun shiga coci, kuma a zamanin ana yi wa garaya kallon kayan bori. Ya ce shi ba zai taɓa ba. Uban bai matsa masa ba, ya ci gaba da kaɗa abinsa shi kaɗai, shekara da shekaru, har ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi a wata bazara. Hannun dama ya mutu. Kunnen da tun da can ya yi nauyi ya ƙarasa rufewa, sai ka kai bakinka jikinsa ka ɗaga murya kafin ya tsinci wani abu. Garayar ta koma bango a rataye, fatarta ta bushe ta tsage.

Daminar da ta biyo baya shiru aka yi gayya. Aka ɗauko shi aka zaunar da shi a inuwar ɗorawa, sai ya juya wa gonar baya. Da na kai masa fura ya dube ni ya ce, da harshensa da ya yi nauyi, "In na tafi, da me za ku raka ni?"

Na ajiye masa furar a gefe, na koma wajen masu gayya.

To, ɗan nan namu yana da ɗa, jikana, saurayi mai dogon wuya. Yana gyaran waya a wani shago wajen Ungogo, ranar Lahadi kuma yana kaɗa jita a cocinsu na can. Da bazara ta yi nisa ya dawo gida don ya kama wa ubansa noma. A-daidaita-sahu ta sauke shi a bakin titi, yara suka shigo masa da kaya: jita a cikin riga, da lasifika ƙatuwa, da wani baƙin akwati mai girman bulo, mai maɓallai da ake takawa da ƙafa.

Na ce, "Angona, lefen nawa ne ya iso?"

Ya ce, "Lefenki yana hanya, uwargida. Wannan akwatin murya ne."

Tsohon yana kishingiɗe a kan tabarma, bai ji abin da muka ce ba, amma ya ga muna dariya. Ya ce, "Ɓarawon matata ya dawo? Ku ɓoye mini sandata, kada in ji masa ciwo."

A kwanakin nan na fahimci abin da akwatin yake yi, don jikan nawa ba ya gajiya da bayani, ni kuma ba ni da wurin zuwa. Jitar ita kaɗai ba ta da murya, in ya taɓa ta sai ka ji kamar sauro. Sai an ja waya daga jikinta zuwa akwatin, akwatin ya sa mata murya, lasifika ta fito da ita. Akwai murya mai laushi, ita yake kaɗawa a coci. Amma ransa ba can yake ba. Akwai wani kiɗa da yake so, wai sunansa metal, ƙarfe ke nan da bakinmu. Ya ce ya daɗe yana murɗa maɓallan nan don ya haɗa muryar kiɗan da kansa, kullum sai ta fito kamar zuma ta shiga gwangwani.

"To yanzu fa?"

"Yanzu saya zan yi, Kaka. Akwai masu haɗawa su sayar. Firiset ake ce mata."

"Murya ake sayarwa?"

"Ke ma ai kin daina dafa kalwa, daddawa kike saya."

Na ce hannuna ne ya gaji, ba don ban iya ba. Ya ce shi kuma don bai iya ba ne, ya huta da ƙarya.

Waya ba ta kamawa a cikin gidanmu sai a bayan rumbun dawa. Nan ya tsuguna da hantsi, ya toshe kunnuwansa, yana ɗanɗana muryoyin da wani mutum ya haɗa a wata ƙasa mai sanyi. Mutumin yakan kaɗa kaɗan ka ji, kamar yadda mai tsire yake ba ka ɗanɗano. Jikan nawa ya saurari wannan ya girgiza kai, ya saurari waccan ya koma baya ya sake. Ya kira ni ya sa mini abin a kunne. Na ji kamar injin markaɗe ya haɗiye dutse. Na cire na miƙa masa.

"Mai wannan yana da lafiya kuwa?"

"Lafiyarsa ƙalau, har da 'ya'ya."

Ya biya ta waya. Ban ga an miƙa komai ba, ban ga an karɓi komai ba. Ya ja wata 'yar igiya daga wayar zuwa akwatin, wani ɗan haske ya yi ta ƙyaftawa, ya ce shi ke nan, ta shiga. Ranar ya canza tsirkiyoyin jitar ya sa masu kauri, ya sassauta su har suka yi ƙasa, don wai muryar ba ta son tsirkiya mai tsauri.

Da ya gwada ta da yamma, kaji suka watse, akuya ta tsinke igiya. Ubansa ya fito daga ɗaki ya ce, "Ba a gidan nan ba." Daga ranar sai dai ya toshe kunnensa ya kaɗa wa kansa. Ka gan shi zaune yana gyaɗa kai, ba ka jin komai.

Shi ne ya fara tambayar garayar da ke bango. Yana ƙarami ya ji taken, kuma wani abu ya saura masa a ka. Ni ma na san shi, amma sanin mai rawa, ina rera masa da hanci yana bi da yatsa. Da ya ga kamar ya kama, sai ya je ya durƙusa gaban kakansa, ya kai baki jikin kunnensa ya ce yana so ya karɓa.

Tsohon ya dube shi sama da ƙasa. Sannan ya ce a ɗaga shi zaune, a sa masa hularsa.

Jikan nawa ya yi abin da yake gani ladabi ne. Ya zaɓi muryar nan mai laushi ta coci, don kada ya yi wa tsoho hayaniya. Ya zauna ya kaɗa, daga farko har ƙarshe, kuma a kunnena ya yi daɗi. Tsohon ya zuba wa yatsunsa ido, amma yatsu a kan jita ba sa gaya wa mai garaya komai. Da yaron ya ɗaga hannu, sai tsohon ya ce, "To, fara mana."

"Ai na gama, Kaka."

"Me ya ce?"

Na sunkuya na faɗa masa a kunne. Ya cire hular da hannun hagu ya ajiye, ya kwanta ya juya fuskarsa bango. Ranar bai ci tuwo ba. Washegari yaron ya ƙara wa lasifikar ƙarfi ya sake gwadawa, har maƙwabta suna leƙowa ta danga, tsohon bai ji ba. Ya ce a daina wahalar da shi. Ni kuwa na soma sabawa da tunanin cewa da shi za a binne taken.

Ruwan farko ya sauka, aka yi shuka.

Wata ranar kasuwa ɗana ya tafi sayen taki, matarsa ta bi shi. Gidan ya rage mu uku. Jikan nawa ya dube ni ya ce, "Uwargida, ki rufa mini asiri in ji muryar nan sau ɗaya a fili. Tunda na saye ta a kunne kawai nake jin ta." Na ce ya yi abinsa, ni ban gani ba. Ina tsince gero a faifai, sai na tashi duba tukunya, na ɗora faifan a kan lasifikar, don ita ce kusa.

Ya danne tsirkiyoyin da gefen tafinsa ya soma bugawa. Wani gurnani ne mai nauyi, yana fita guntu-guntu, kamar mata suna lugude a turmi ɗaya. Na juyo sai na ga gerona yana tsalle a faifai. Ruwan randa ma yana rawa. Ina shirin ce masa zai zubar mini da abinci, sai na ji muryar tsohon daga bakin ɗaki, inda yake kwance a gadonsa na katako.

"Wa ke daka?"

Yaron ya tsaya. Tsohon ya ce, "Ta daina. Wa ke daka da rana tsaka?"

Muka dubi juna, ni da jikana. Na ɗauke faifaina. Shi kuma ya ja lasifikar har jikin gadon, ya kama hannun kakansa mai lafiya ya ɗora a kanta. Ya koma ya rataya jitar a kafaɗa. Wannan karon taken ya kaɗa, da muryar da ya sayo.

Ban taɓa jin takenmu da muni irin na ranar ba. Amma ina kallon fuskar mutumin da na aura tun ina yarinya. Ya rufe ido. Yatsunsa suka baje a kan katakon. Can sai ya janye hannun, ya ce a ɗaga shi, ya sauko da ƙafarsa ya taka lasifikar da tafin ƙafa, hannun kuma ya miƙa ya kai wa yaron duka a gwiwa.

"Kana gudu. Wa ya biyo ka? A nan ake jan ƙafa."

Haka koyon ya soma. Kullum in an taso daga gona, bayan an ci abinci rana ta ɗan karkata, sai a fito da kayan gindin bango. Tsohon ya ɗora ƙafa, hannunsa a gwiwar jikansa. In an yi daidai hannun yana kwance. In an kauce ya yi duka. Gwiwar nan ta sha duka har yaron ya koma ɗaura mata tsumma, yana cewa, "Kishi ne kawai, don ka ga ta fi so na." Tsohon ba ya ji, sai ya tambaye ni, in faɗa masa, ya ce, "Gaya masa na bar masa, dama ta tsufa."

Ɗana bai so ba. Ran da ya fara tarar da su ya tsaya a ƙofar zaure da buhu a kafaɗa. Ya ajiye, ya zo ya durƙusa ya ɗaga murya: "Baba, wannan kiɗan mahaukata ne. Mutane suna magana."

Uban ya ce, "Kai da kake da kunne ka ƙi. Bar mai gwiwa ya karɓa."

Ɗana ya tashi ya ɗauki buhunsa. In sun fara sai ya ɗauki gatari ya fita, wai zai duba shinge.

Gero ya kai tsawon taƙi, ciyawa ta taso, aka sa ranar gayya. Yaron ya riga ya iya tafiyar taken, dukan gwiwa ya ragu. Amma tsohon ya ƙi cewa ya karɓa. Kullum in an kai wurin jan ƙafar sai ya yamutsa fuska.

"Ba ta da wutsiya."

Abin da yake nufi na sani. A wuyan garaya akwai ɗan faifan ƙarfe mai zobba. In ka bugi tsirkiya, bayan ta yi shiru ƙarfen yakan ci gaba da zuga, kuma a cikin zugar nan ake jan ƙafar. Ita kuwa muryar saye da ka ɗaga hannu take ɗaukewa ɗif, kamar an rufe ƙofa. Yaron ya ce da gangan aka yi ta haka. Akwai wani abu a ciki kamar mai gadi, aikinsa ya yanke duk sautin da ya yi saura, don masu kiɗan ƙarfe ba sa son jan magana.

Na ce, "To sallami mai gadin mana."

Ya ce, "Kaka, wanda ya haɗa ta gwani ne. In na sa hannu lalata ta zan yi. Ai don kada in taɓa na saya."

Kwanaki suna tafiya, ya ƙi taɓawa, tsohon ya ƙi karɓa. Dukansu jini ɗaya ne wajen taurin kai. Ni dai ina tsakiya ina kai magana ina kawowa.

Ana gab da gayya ɗana ya sayo wa yaron sabuwar fartanya. Da safe na same shi a gindin rumbu ya saka ta tsakanin ƙafafu, yana kankare ƙotar da fasasshiyar kwalba, ya riƙe ya gwada, ya sake kankarewa. A wajenmu ba mai shiga gona da fartanya yadda ta fito daga kasuwa, sai ya gyara ƙotar ta zauna a hannunsa, in ba haka ba kafin azahar tafinsa ya yi kanta. Tsohon yana kallonsa daga tabarma. Ya ce, "Kai ɓarawo, maƙerin bai iya ba ne kake gyara masa?"

Yaron ya dakata da kankarar. Ya dubi ƙotar, ya dubi ɗakin da akwatin yake. Ya yi dariya shi kaɗai, ya ajiye kwalbar.

Ya fara ajiye muryar yadda take a wani gefe na akwatin, don in ya ɓata ya sami wurin komawa. Sannan ya sassauta wa mai gadin. Farko abin ya yi kuka irin na ɗan akuyan da aka taka, na toshe kunne na bar musu wurin. Ya rage nan, ya ƙara can, yana kallon ƙafar kakansa maimakon maɓallan. Bai samu a ranar ba. Kashegari da la'asar ina tankaɗe, na ji ya buga ya ɗaga hannu, sautin bai mutu ba, ya ja wata doguwar zuga mai kaushi kafin ya kwanta. Hannuna ya tsaya a kan rariya. Na san wannan zugar. Ita nake ji daga bakin gandu tun ina amarya ina ɗauke da ƙwaryar fura.

Ya kaɗa taken duka. Hannun tsohon bai motsa daga gwiwar ba.

Sai ya ce a sauko masa da garayar. Da haƙori da hannu ɗaya ya kwance ɗan ƙarfen nan mai zobba daga wuyanta, ya miƙa wa yaron ya ce ya ɗaure a kan jitar. Yaron ya ce, "Kaka, ba zai shiga akwatin ba ai, ba za a ji shi ba." Na ƙi kai wannan maganar. Na ce masa, "Ɗaura abin da aka ba ka." Ya ɗaura. Tsohon ya ɗora masa hannu a ka ya ce, "Ka karɓa."

Ranar gayya da sassafe aka loda lasifika da akwatin da batirin sola a baro, aka tura har bakin gandu. Tsohon kuma aka kawo shi a amalanke, aka zaunar da shi a kujera, ƙafarsa a kan lasifikar, fuskarsa tana kallon gona. Maza sun jeru da fartanyu, na cocinmu da maƙwabtanmu Musulmi, kamar kowace shekara. Da gurnanin ya tashi samari suka fashe da dariya, wani ya ce an kawo injin ban-ruwa. Amma da aka zo wurin jan ƙafar dariyar ta ragu. Wata tsohuwa sa'ata ta ajiye tulunta ta ce, "Ai na gidan maharba ne." Dattawan suka gyara tsayuwa.

A al'ada mai gandu ne yake fara sara in take ya zabura. Kowa ya juya yana kallon ɗana. Ya tsaya riƙe da fartanyarsa, bai dubi kowa ba. Ban san yaushe ya koyi wurin ba, shi da yake fita duba shinge. Amma daidai inda taken ya zabura, nan ya sunkuya ya sari ƙasa, sauran suka bi shi.

Mai gidana ya ga girbin wannan shekarar, ya ci sabon gero. Bayan an gama ɗaurin dawa ya kwanta, bai tashi ba. An yi masa addu'a a coci, da aka fito za a tafi da shi jikansa ya bi gawar da baro, ya raka shi da taken har bakin kabari, fasto yana tsaye bai hana ba.

Ɗana yana nan yana noma gandun. Har yau bai taɓa garaya ba, kuma har yau yana cewa kiɗan ɗansa hayaniya ce. Amma shi ne ya kai tsohuwar garayar aka sake mata fata, ya mayar da ita bango da hannunsa.

Jikana ya koma shagonsa, ya yi aure, ya yi mini gori wai na tsaya jan aji har wata ta riga ni. Yana ta sayen muryoyinsa, kuma ya ce yanzu ba wadda yake bari yadda ta zo. Duk damina yana dawowa ranar gayya, ƙarfen kakansa yana lilo a kan jitar. Ya haifi ɗa, ya ce in ya tasa zai fara dukan gwiwarsa.

Mutumin da ya haɗa muryar ban san abin da ya same shi ba. Ina fata yana lafiya, shi da 'ya'yansa.

Ni kuma ga ni. Kunnena na hagu ya fara nauyi, na dama yana bin sa a hankali. Gayyar da ta wuce na ce a matso mini da kujerata kusa da baron, na cire takalmi na ɗora ƙafata.